Tuddan Braid: Filin da Ba a Kore Ni Ba

Ina aji huɗu na firamare aka kore ni daga filin ƙwallon lambu, kuma sai da na kusa cika shekara 40 a duniya kafin na sake taka irin wannan fili, a wata ƙasa mai nisa. Abin da ya gudana tsakanina da waɗannan filaye guda biyu nake son in labarta wa mai karatu, musamman ɗalibin da yake shirin zama malami, domin kuwa akwai filin da za a damƙa masa amanarsa nan gaba kaɗan, ko da ba a rubuta haka a takardar ɗaukarsa aiki ba.

Garinmu yana cikin garuruwan Arewa da Turawan mulki suka yi wa Bariki a gefe, inda suka gina gidajensu da kulob ɗinsu, suka kuma keɓe filayen wasanninsu. Ko da na yi wayo, wato a farkon shekarun 1980, Turawan sun daɗe da tafiya in ban da ɗaiɗaikun masu aikin kamfani, amma filin yana nan yadda suka bar shi, masu shigarsa ne kawai suka sauya: manyan ma'aikata da hafsoshin soja da attajirai. Filin ya shimfiɗu tsakanin unguwarmu da fadamar da mahaifina yake nomawa. Ba shi da katanga, sai 'yar waya a wasu wurare, da jerin itatuwan darbejiya, da wasu alluna masu rubutun Turanci. Da rani jar ƙasa ce da busasshiyar ciyawa, babu abin da ya bambanta shi da sauran daji sai wasu baƙaƙen da'irori nan da can, kowace da rami a tsakiyarta da 'yar tuta. Sai daga baya na fahimci cewa yashi ne ake cuɗawa da baƙin mai a daddaɓe, saboda babu ruwan da za a raya lallausar ciyawa irin ta ƙasar Turai, kuma haka aka yi a filaye da dama na ƙasar nan. Akwai yaron da aikinsa ke nan ya ja buhu a kan yashin, ya share sawun ƙafa kafin maigida ya buga.

Kakata ba ta taɓa kiran wurin da sunan wasa ba. Burtali take ce masa. A faɗarta, ta nan shanu suke bi zuwa mashaya lokacin tana budurwa, nan kuma mata suke yin itace. Mu kuwa yara “golof” muke cewa, kuma muna yi wa wurin kallon wata duniya ta daban. Wani yayana, ɗan wan mahaifina, yana cikin samarin da suke ɗaukar wa manya jakar sanduna, ana sallamarsu da 'yan kuɗi. Shi ya fara nuna mini ƙwallon, ɗan fari mai tauri kamar dutse, jikinsa duk 'yan ramuka kamar wanda ya yi ciwon agana. Shi ya kuma gaya mini cewa wanda ya fi ƙarancin bugu shi ne ya ci wasan, abin da ya ɗaure mini kai ƙwarai, tunda a duk wasannin da na sani mai yawa ne yake da nasara.

Wata rana da damina aka aike ni in kai wa Baba fura a gona. Rana ta take, hanyar zagaye kuma tana da nisa, sai na ce bari in yanke ta cikin filin, tunda ban hangi kowa ba. Na yi nisa ke nan sai na ji tsawa a bayana: “Kai yaro! Nan gonar ubanka ce?” Maigadi ne, dattijo ɗan unguwarmu wanda muke salla a masallaci ɗaya da shi. Na durƙusa na ce, “Baba, yi haƙuri, aikena aka yi.” Bai saurare ni ba. Ya kama kunnena ya juya ni, ya ce in koma ta inda na fito, alhali abin da ya rage mini in fita ta ɗaya gefen bai kai wanda na riga na yi ba. Garin fizgewa ƙwaryar ta suɓuce, furar ta malale a kan ciyawa. Wasu mutum biyu cikin fararen riguna suna tsaye nesa kaɗan, sun jingina da sandunansu suna jira a kawar da ni su ci gaba.

Na isa gona da ƙwarya babu komai, ina kuka, ina zaton Baba zai je ya yi wa maigadin magana. Sai kawai ya dube ni ya ce, “Wa ya ce ka bi ta nan? Ba ka san filin gwamnati ne ba?” Ya koma ya sunkuya kan fartanyarsa, ya ƙarasa aikin ranar da yunwa. Wannan jimla tasa ta zauna mini a rai fiye da murɗar kunnen. Daga ranar na haddace cewa “na gwamnati” yana nufin wurin da irinmu ba sa takawa.

Da yake nazarin harshe ya zama sana'ata, bari in ɗan ratse kan sunan wasan kafin in ci gaba. “Golof” ɗin da muke cewa muna yara ba kuskure ba ne, bin doka ne. Tsarin gaɓar Hausa bai yarda baƙi biyu su haɗu a ƙarshen gaɓa ba, saboda haka sai bakin Bahaushe ya cusa wasali a tsakaninsu, kamar yadda ya yi wa kalmar da ta zama “siliki”. Amma sunan da kafafen yaɗa labarai suka fi yayatawa shi ne “ƙwallon lambu”, bisa tsarin ƙwallon ƙafa da ƙwallon kwando da ƙwallon raga da ƙwallon dawaki. Duk wanda ya ƙirƙiri wannan suna ya yi basira, domin ya kama kore da ban ruwa da kulawar da ake yi wa wurin. Sai dai ya kama wani abu kuma wanda wataƙila bai yi niyya ba: a ƙasar Hausa lambu yana da mai shi, yana da shinge, wanda duk ya shiga ba da izini ba kuwa ɓarawo ne. Wato sunan da kansa ya ɗauko hukuncin da maigadi ya yanke mini.

A shekarar 2009 Allah ya nufe ni da tafiya birnin Edinbara na ƙasar Sikotilan domin karatun digiri na uku. Watannin farko ban san komai na garin ba sai hanyar ɗakin karatu da ta masallaci da ta kantin da ake sayar da naman halal. Sai a watan Mayu na 2010, bayan sanyi ya ja baya, rana kuma ta koma ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare, na soma fita yawo da ƙafa don in sauke nauyin karatu. Wata Asabar na nufi kudancin birnin, inda gidaje suke ƙarewa tuddai su soma. Su ne ake kira tuddan Braid. Ba duwatsu ba ne masu tsayi, ƙololuwarsu ba ta wuce mita 200 da 'yan kai ba, amma ƙasar tana tashi tana sauka kamar an shimfiɗa koren bargo a kan mutane suna barci. Ko'ina ka duba wata irin ƙaya ce mai furanni ruwan ɗorawa, wadda in rana ta buge ta take ƙanshi kamar kwakwa. Daga sama mutum yana hango fadar sarakunan da a kan dutsenta a tsakiyar birni, da bakin teku ta arewa, da manyan tuddan Pentland ta kudu.

Ina cikin kallon nan ina bin wata siririyar hanya, ban ankara ba sai na ga ciyawar ƙarƙashin ƙafata ta sauya, ta zama gajera kamar an yi mata aski. Na ɗaga kai, sai ga tuta a bakin rami. Kafin in gama gane inda nake na ji an kwarma ihu daga kan tudu, kalma ɗaya mai ƙarfi, sa'annan wani abu ya faɗo cikin ƙaya kusa da ni. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ni magidanci mai 'ya'ya huɗu, malamin kwaleji, sai ga ni gabana yana faɗuwa, ina lalubar aljihu in tabbatar katin makarantata yana nan, ina tsara kalmomin ban haƙuri da Turanci. Har ga Allah hannuna sai da ya kai kan kunnena.

Wani dattijo ya gangaro yana jan jakar sandunansa a kan 'yar keke mai ƙafa biyu. Rigar sanyinsa ta tsufa, takalminsa duk taɓo. Tun kafin in buɗe baki ya riga ni. Haƙuri yake ba ni, yana tambaya ko ƙwallon ya same ni. Ashe ihun da na ji ba kora ba ce, gargaɗi ne. Kalmar ita ce “fore”, kuma al'adar wasan ta wajabta wa duk wanda ƙwallonsa ya nufi mutum ya faɗe ta da ƙarfi don a kare kai. Na ce masa ni ne da laifi, na shigo musu fili ban sani ba. Ya dube ni da mamaki, ya ce, da Turancin nan nasu mai gara harafin “r” kamar yadda muke yi a kalmar “tara”: “Ɗana, wane laifi? Filin gari ne. In dai a garin nan kake kwana, naka ne kamar yadda yake nawa. Ka dai riƙa duba tudu kafin ka ratsa, kuma kada ka taka shimfiɗar bakin rami.”

Na taya shi neman ƙwallonsa a cikin ƙaya, muka samo uku, babu nasa a ciki. Daga nan ya ce in ba ni da sauri in raka shi ramukan da suka rage masa. A hanya na ji cewa direban bas ne da ya yi ritaya, kuma tun yana yaro mahaifinsa yake kawo shi nan da guntuwar sanda. Babu kulob ɗin da sai ka shiga kafin ka yi wasa a wurin, babu wanda zai tambayi aikinka ko ya nemi wani ya tsaya maka. Filin mallakar majalisar birni ne, wata hukuma tana gudanar da shi a madadinta. Ka biya kuɗin shiga a ƙaramin ofishin da yake bakin ƙofa, ka jira layinka, shi ke nan. Waɗanda muka yi ta gamuwa da su sun gaskata maganarsa: samari biyu da kayan aikin gini a jikinsu, wata mata da ɗanta, ga kuma masu yawo da karnuka suna bin gefe, kowa yana kauce wa kowa.

Shi ya koya mini abin da yayana bai samu damar koya mini ba. Ramuka 18 ne a cikakken fili, faɗin kowane rami inci huɗu da kwata, kuma doka ba ta yarda ɗan wasa ya ɗauki sanda fiye da 14 ba. Kowane rami yana da adadin bugun da ake sa ran ƙwararre ya yi, uku ko huɗu ko biyar, gwargwadon nisansa. A fili mai tuddai irin wannan, inji shi, ba ƙarfi ne yake aiki ba, sanin ƙasa ne: sau da yawa ba ka ganin tutar da kake nufa, sai ka auna da wani dutse ko reshe, ka kuma yi lissafin iska da gangara. A wani wuri da babu kowa a bayanmu ya miƙo mini sanda ya ce in gwada. Na kai bugu na farko na sami iska. Na biyu na tono ƙasa. Na uku ƙwallon ya yi tsalle kamar kwaɗo ya tsaya taku goma a gabana. Ya yi dariya har da tari, sa'annan ya sunkuya ya ɗauko ɓallin ciyawar da na tono, ya mayar da shi gurbinsa ya danne da ƙafa. Ya ce wannan ita ce doka ta farko, kafin a zo ga riƙon sanda: abin da ka tono ka mayar, saboda wanda yake zuwa bayanka.

Wannan haɗuwa ta sa na shiga karanta tarihin wasan, har ya so ya ci mini lokacin kundina. Abin da na tarar ya saɓa wa duk abin da na taso da shi. A Sikotilan wasan ya girma ne a kan filayen gari, musamman jigawar bakin teku wadda ba ta noma, inda ake kiwon tumaki, mata suna shanya, yara suna guje-guje. Ya yaɗu cikin talakawa har ta kai a 1457 majalisar Sarki James na Biyu ta haramta shi tare da ƙwallon ƙafa, saboda suna hana maza koyon harbin kibiya. An maimaita haramcin a 1471 da 1491, bai yi tasiri ba, har a 1502 Sarki James na Huɗu da kansa ya sayi sanduna. Rubutattun dokokin wasan mafi daɗewa, guda 13, an tsara su ne a 1744 domin wata gasa a filin Leith, wanda yanzu yake cikin Edinbara. Su kansu tuddan Braid birnin ya mallake su ne a ƙarshen ƙarni na 19, bayan filin Bruntsfield na cikin gari ya cika da jama'a har ƙwallo ya zama haɗari ga masu wucewa. Ba a ce wa masu wasa su daina ba, ba a kuma ce wa masu wucewa su sauya hanya ba, sai aka nemo wani filin. Har kalmar “kadi” da ake kiran irin su yayana da ita daga can ta samo asali: sunan da ake kiran 'yan dako da 'yan aike ne a titunan Edinbara tun ƙarni na 18.

Dattijon ne ya ba ni shawara in je garin St Andrews, amma in tabbatar ranar Lahadi ce. Nan ne tsohon filin da ya fi kowanne suna a duniya, inda a 1764 aka rage ramuka daga 22 zuwa 18, sauran duniya ta bi. Na je ina tsammanin ƙofar ƙarfe da masu gadi. Abin da na tarar shi ne iyalai sun bazu a kan filin, yara suna birgima, tsofaffi suna tafe a hankali, baƙi suna layin ɗaukar hoto a kan wata 'yar gadar dutse. In ban da lokacin babbar gasa, ba a wasa a filin ranar Lahadi, ana barinsa ya huta, mutanen gari su sha iska. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wata 'yar hanya da ta ratsa ta tsakiyar ramin farko da na ƙarshe zuwa bakin teku. Ko a ranakun wasa mutane suna bi ta nan, masu sanduna su dakata har a wuce. Na tsaya a kan hanyar na daɗe, ina tuna burtalin kakata.

Ba kyauta aka ba mutanen garin wannan haƙƙi ba, kuma ba a bar musu shi cikin ruwan sanyi ba. Akwai takarda ta 1552 wadda babban limamin cocin garin, John Hamilton, ya samu izinin kiwon zomaye a filin, amma ta tabbatar wa jama'a 'yancinsu na kiwo da wasanni a kansa. A 1797 majalisar garin ta faɗa cikin bashi ta sayar da filin, ya koma hannun masu kiwon zomaye don kasuwanci. Aka shafe shekaru kusan 20 ana shari'a da rigima tsakaninsu da masu wasa, har wani mai ƙasa, James Cheape, ya saye shi a 1821 ya bar wasa ya ci gaba. Sai a 1894 dokar majalisar ƙasa ta maido da shi hannun gari, wata dokar kuma ta 1974 ta damƙa shi ga kwamitin amintattu. A 2003 majalisar Sikotilan ta yi dokar da ta ba kowa damar ratsa mafi yawan filayen ƙasar da ƙafa matuƙar ba zai yi ɓarna ba, har da filayen ƙwallon lambu, in ban da shimfiɗar bakin rami. Ashe abin da dattijon ya gaya mini a kan tudu ba kirkinsa ba ne kaɗai, doka ce yake karanta mini.

Kada mai karatu ya ɗauka aljanna na gano. A ƙasar akwai kulob-kulob masu ƙofa a rufe waɗanda kuɗi kaɗai ba ya shigar da mutum. Babbar ƙungiyar wasan ta St Andrews ba ta amince da karɓar mata ba sai a 2014, ta Muirfield kuwa sai a 2017. Kuɗin buga tsohon filin ga baƙo ya haura fam 300 a lokacin zafi na 2024, ko da yake mazauna garin suna da tikitin shekara mai rangwame. Wasu majalisun birane a Birtaniya sun rufe filayensu ko sun sayar saboda ƙarancin kuɗi. Kuma ni har gobe ina da ja a kan wasan da yake cin hekta 50 ko fiye domin mutane ƙalilan a lokaci guda, balle a ƙasa irin tamu inda ruwan sha ma bai wadata ba. Ban dawo gida ina fatan a yi wa kowace ƙaramar hukuma filin ƙwallon lambu ba. Abin da na dawo da shi wata tambaya ce ta harshe.

Muna da kalmomi uku da muke musanyawa kamar ma'anarsu ɗaya: “na gwamnati” da “na jama'a” da “na kowa”. A bakin mahaifina, na gwamnati shi ne abin da aka hana ka. A bakin wasu kuma shi ne abin da ba shi da mai shi, wanda duk ya samu dama ya yagi rabonsa. Ma'anonin biyu kamar suna karo da juna, amma tushensu ɗaya: a dukkansu babu mai jin abin nasa ne. Direban bas ɗin nan kuwa da ya ce “filin gari ne”, yana nufin abu biyu a lokaci guda: ba mai korarsa, kuma shi ne zai sunkuya ya mayar da ciyawar da aka tono. Abin takaici shi ne wannan ma'ana ba baƙuwa ba ce a Hausa. Muna da hurumi, muna da makiyaya da burtali da mashaya, muna da dandali da filin Idi. Waɗannan duk sunayen wurare ne da ba a sayarwa, ba a gada, kowa yana amfana, kuma in wani ya ci iyakarsu dattawan gari ne suke tashi tun kafin maganar ta kai gaban sarki. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ɗora ƙasar kowace jiha a hannun gwamna bisa amana domin amfanin jama'a. Kalmar amana tana cikin dokar. Amma a kunnen mutanenmu abin da ya shiga shi ne ƙasa ta zama ta gwamnati, wato ta fita daga hannunsu. Na sha tambayar ɗalibaina a aji ma'anar “hurumi”. Mafi yawansu sun san “ba huruminka ba ne”, amma ba su san asalinsa fili ba ne.

Shekaru kaɗan bayan dawowata, aka tura ni duba ɗalibanmu masu koyon aikin koyarwa a wata makarantar firamare da na sani tun tana da filin da ake wasannin gundumar gaba ɗaya. Na tarar an jera shaguna a gefen titi sun juya wa makarantar baya, ta ɗaya ɓangaren kuma an kafa tubalin gida har ya kai taga. Lokacin tara-da-rabi yara suka fito, suka cunkushe a ɗan abin da ya rage tsakanin aji da bayan gida, suna buga ƙwallon tsumma yana faɗawa cikin kwata. Na tambayi shugaban makarantar yadda aka yi. Ya gyara hularsa ya ce, “Ranka ya daɗe, ai ka san filin gwamnati ne. Daga sama aka zo aka auna.” Na tambaye shi ko akwai takardar da ta nuna iyakar makarantar. Ya ce bai gaje ta ba. Na ce ko iyayen yara sun yi magana. Ya ce ba a kira su ba, su ma ba su zo ba. Ban ga laifinsa shi kaɗai ba, domin ni ma na wuce ta gaban makarantar sau da dama ana ginin ban tsaya ba.

Ɗalibin da na je dubawa yana tsaye yana jinmu, riƙe da littafin shirin darasinsa. Da muka fito na ce masa, “Malam, ajiye littafin nan tukuna, zo mu yi wani aiki.” Muka fara daga kusurwar ajin ƙarshe, muka taka filin da ƙafa har jikin sabon tubalin, muka kuma taka faɗinsa, yara suna biye da mu suna ƙirgawa da ƙarfi. Na sa ya rubuta adadin takun a littafin tarihin makaranta, da kwanan wata, ya zana taswirar wurin gwargwadon iyawarsa, shugaban makaranta ya sa hannu, ni ma na sa. Shugaban ya tambaye ni ko wannan yana cikin abin da za a ba yaron maki a kai. Na ce a'a. Wani ɗan aji uku kuma ya ja rigata ya ce, “Malam, mu ma za a sayar da mu ne?” Sauran suka fashe da dariya, aka kaɗa ƙararrawa, suka ruga aji.